Misirawa na riƙe da tsohuwar dariyarsu, tamu fa?

Shekarata shida a Alƙahira, kuma duk Sallah abu ɗaya nake jiyowa ta bangon maƙwabcina: dariya har da tari. Ba sabon fim suke kallo ba. Wasan dandamali ne na Adel Imam da abokansa, Madrasatul Mushagibin, wanda aka yi tun 1973. Maigidan ya fara ganinsa yana yaro, yau jikarsa 'yar shekara tara ce ke riga 'yan wasan faɗin magana. Kowa a ɗakin ya san inda abin dariyar yake, amma in an iso wurin sai an tuntsire kamar yau aka fara gani.

Da farko na ɗauka rashin abin kallo ne. Ashe ba haka ba. Mutanen nan suna da tashoshi sukutum waɗanda ba sa nuna komai sai tsofaffin ayyuka, Maspero Zaman ta gwamnati na cikinsu. Shiga gidan shayi a Hayyul Ashir bayan la'asar, ba wuya ka tarar da ɗan wasan barkwanci Isma'il Yasin a talabijin, hoto fari da baƙi, mutumin da ya rasu tun 1972. Direban tasi ma in cunkoso ya ishe shi, da maganar wani tsohon fim zai huce haushinsa, fasinja kuma ya ƙarasa masa.

Duk lokacin da na ga haka, Samanja ke faɗo mini a rai. A unguwarmu ta Tudun Wadar Kaduna, ranar da za a nuna shi tun kafin magariba yara ke kama wuri a gidan da ke da talabijin, wasu a tabarma, wasu ta taga. Marigayi Usman Baba Pategi, wanda ke fitowa a matsayin Samanja, Banufe ne, tsohon soja, saboda haka Hausar barikin da yake kwaɓawa da Turanci ba aro ya yi ba, a cikinta ya rayu. Abin da ke ba mutane dariya hali ne: mutum mai tsawa a gaban kurata, wanda kuma rigimar gida da ta gari ke iya ɗaure masa kai. Ba waƙa, ba rawa, ba mota mai tsada. Haka Ƙasimu Yero, wanda kallonsa kaɗai ya isa magana. Shi kuwa Rabilu Musa Ibro, 'yan boko sun daɗe suna raina aikinsa da sunan camama, alhali babu wanda ya kai shi kwaso maganar kasuwa da ta tasha ya mayar wa masu ita. Sai da ya rasu a 2014 wasu suka fara yarda cewa gwani ne.

A ganina, wasanninmu na da ba su gaza na Misirawa ba ta fuskar fasaha. Inda suka fi mu shi ne nasu yana nan, ana gani. Da Samanja ya rasu a Nuwamban 2023 na zaunar da ɗana don in nuna masa wanda muke jimami. Abin da na samu a YouTube guntaye ne, hoto dishi-dishi, sauti na shaƙewa. Yaron ya daure na minti biyar ya tashi. A nan aka haife shi, ya san fuskar Isma'il Yasin sarai, bai san Samanja ba. Wallahi abin ya tsaya mini a rai kwana da kwanaki.

Na san akwai uzuri. Masar ta gina Studio Misr tun 1935, mu kuwa fim ɗin bidiyonmu na farko, Turmin Danya, sai 1990, kuma a kan kaset ɗin da zafi da ƙurar hunturu ke cinyewa. Amma ba kuɗi kaɗai ba ne. Muna da ɗabi'ar cewa abu ya zama tsohon yayi da zarar sabo ya fito. Da kasuwar Ƙofar Wambai ta koma faifan CD, fim ɗin da ba a juya ba ya tafi ke nan. Kasakasan barkwancin 'yan kama da 'yan gambara da direbobi ke sakawa a doguwar tafiya, yau wa zai ce ga inda suke?

Zuwana gida na bara, na tarar da kwalin kasakasan mahaifina a ƙarƙashin gado, waɗanda ya riƙa naɗa daga talabijin. Hajiya har ta ce za ta bayar da su ga 'yan gwangwan. Na ɗauko uku na kai wa wani dattijo a kasuwar Ataba ta Alƙahira mai juya tsofaffin kasakasai zuwa kwamfuta. Ɗaya ya riga ya lalace, biyu suka fito, ɗaya a ciki Samanja ne cikakke, daga farko har ƙarshe. Wannan karon yaron bai tashi ba. Ya tambaye ni me ya sa mutumin ke magana haka, na yi masa bayanin bariki da Hausarta. Sauran kasakasan takwas suna can Kaduna, na roƙi Hajiya ta ɗauke su daga ƙasa kafin damina.