Ku daina raba su kuna cewa ai yara ne za su saba

Abin nan yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi. Gida ya watse, ko iyaye sun rasu ko hukuma ta karɓe yaran, sai a rarraba su gidajen riƙo, wannan ya ɗauki jaririyar don ita ce mai sauƙi, wancan ya ce shi ɗaya kawai zai iya, babban kuma mai shekara sha uku babu mai so. Daga baya a ce kai yaron nan akwai haƙuri, ko kuka ba ya yi. Wane haƙuri? Ya gano ne kukan ba ya dawo masa da kowa.

Yayar nan fa ita ta san ƙaninta ba ya barci sai an bar fitila a kunne, ita ta san in ya fara cizon wuyan rigarsa to tsoro yake ji ba rashin ji ba, duk wannan babu shi a fayil ɗin da ake miƙa wa mai riƙo. Ka raba su, ka raba shi da mutum ɗaya tak da ya san shi tun farko. Ita kuma tana can ta kasa cin abinci tana tunanin ko ya ci.

Kuma ba wai ba a sani ba ne. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na 2009 kan riƙon yara sun ce kada a raba 'yan uwan da suka shaƙu sai in akwai haɗarin cutarwa ko wani dalili na maslahar yaron. Amurka ta yi doka a 2008 cewa a yi ƙoƙarin haɗa su gida ɗaya, in ya gagara a riƙa kai su ziyara akai-akai. Ingila ma tun 1989 dokar yaranta ta taɓo zancen.

Na yarda wani lokacin rabuwar dole ce, akwai wan da shi ke cutar da ƙanin, kuma riƙe yara huɗu ba wasa ba ne, masu riƙo Allah ya saka musu. Amma zumunci a ƙafa yake. Awa ɗaya a ofis, ma'aikaciya na zaune tana duba agogo, yara sun yi tsuru-tsuru kamar baƙin juna, kafin su sake jiki an ce lokaci ya yi, wannan sunansa ziyara? A bar su su kwana tare mana, su yi faɗa kan bargo su shirya, a ba su lambar wayar juna, ranar da aka canza wa ɗaya gida a faɗa wa ɗayan inda aka kai shi.