Takardun bincike sun yi tuli, amma Gwaggo ce ke juya Baba

Makon jiya wani ƙanena da ke karatu a Jami'ar Ghana da ke Legon ya turo mun jerin ayyukan Farfesa Nana Araba Apt ta WhatsApp, ya ce Yaya duba nan ka gani, abun da kake ta ƙorafi a kai kullum na wahalar kula da tsofaffi wannan matar ta rubuta shi tun kafin a haife ni. Na duba kuwa. Ita ce ta jagoranci kafa ƙungiyar tallafa wa tsofaffi ta HelpAge Ghana a 1988, ita ta kafa cibiyar nazarin manufofin zamantakewa a Jami'ar Ghana, a 1996 kuma ta fitar da littafi kan yadda tsofaffi ke fama da rayuwa a Afirka da ke ta sauyawa. Wallahi na ji girmanta a raina, sai dai ina cikin karantawa hankalina ya gudu ya koma ɗaki ɗaya a unguwar Aboabo a Kumasi, inda Gwaggona take jinyar kakanmu da muke ce wa Baba shekara 4 kenan.

Baba tsohon ɗan fataucin goro ne, mutum ne da a da in ya yi gyaran murya gidan yake tsit, hawan jini ya kayar da shi wata asuba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ma sai wanda ya saba yake ganewa. Gwaggo tana saida koko da ƙosai a bakin titi, sana'ar da ta aurar da 'ya'yanta biyu da ita, toh ranar da aka sallamo Baba daga asibiti ranar tukunyar kokon nan ta sauka kuma har yau ba ta koma kan murhu ba. Na taɓa kwana gidan na ga aikin da idona. Kafin kiran sallar farko ta tashi ta ɗora ruwa, ta sa hannu ɗaya ƙarƙashin kafaɗarsa ɗaya a ƙugunsa ta juya shi saboda kar gyambon kwanciya ya fito, ta cire famfas, ta goge shi da tsumma mai ɗumi, ta shafa man kaɗanya a bayansa, sannan ta riƙe hannunsa mai lafiyar ta taya shi taimama, tana cewa "Baba yi haƙuri saura kaɗan", shi kuma ya kauda kai bango saboda kunya, ɗiyarsa ce fa. Gidan haya ne na mutane da yawa, bayan gida ɗaya, layi ake bi, dan haka fo take ɗauka ta fita da shi tun duhu kar maƙota su gani. Ba wanda ya koya mata ko ɗaya daga cikin wannan, kuma bayanta yanzu ya riƙe, in ta sunkuya sai ta dafa bango take miƙewa.

Mu 'yan Zango akwai maganar da muke so, wai mu ba Turawa ba ne, ba ma kai iyayenmu gidan tsofaffi. Gaskiya ne kuma ni ma ina alfahari da hakan, Alƙur'ani ya hana mu ce musu ko "uf". Amma in muka ce "mu" muke kula da iyayenmu, su waye mu ɗin? A yawancin gidajen da na sani mace ɗaya ce, ɗiya ko suruka ko jika da aka cire daga makaranta, sauran kuma sai dai a turo ɗan wani abu ta MoMo a ƙarshen wata a bugo waya a ce yaya jikin Baba, Allah Ya ƙara sauƙi. Kuma ba rashin imani ba ne, rayuwar ce ta matse, wani yana Accra, wani yana Libiya, wata tana aikatau a Saudiyya, wanda ke Kumasin ma kuɗin haya da na makarantar yara sun sha masa kai.

Nan ne aikin masu binciken ya yi mun amfani. Isabella Aboderin ta zauna da iyalai a Accra, kakanni da 'ya'ya da jikoki, a 2004 ta wallafa abun da ta gano, cewa in aljihu ya yi ƙunci mutum yakan fara da matarsa da 'ya'yansa sannan iyaye su biyo baya, kuma 'ya'ya sun fara auna irin riƙon da iyayen suka yi musu a baya kafin su taimaka. Sjaak van der Geest, ɗan Holan da ya daɗe yana hira da tsofaffi a Kwahu-Tafo, ya nuna yadda dangi kan kashe wa jana'iza abun da ba su kashe wa tsohon ba yana raye. Kar mu ce ai wannan halin maƙotanmu ne masu ɗaura jan zane da baƙi ranar jana'iza, mu duba addu'ar arba'in ɗinmu, kanofi ya tare layi, kujeru ɗari-ɗari, a fitar da yayi kowa ya ɗinka, a dafa shinkafa tukunya-tukunya, alhali mamacin nan watanni ya yi ana neman kuɗin maganin hawan jininsa ana rasawa.

Gwamnati kuma ba za ta ce ba ta sani ba. Ƙidayar 2021 ta nuna masu shekara 60 zuwa sama a Ghana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 ɗan abu ne sama da dubu 200. An amince da manufar ƙasa kan tsufa tun 2010, amma dokar tsofaffi da za ta ba manufar haƙori an yi sama da shekara 10 ana jan ƙafa a kanta. Inshorar lafiya ta NHIS ta yafe kuɗin shekara ga mai 70, ritaya kuma 60 ce, toh mai turin kura ko mai saida waake da ba ta taɓa zuba ko sisi a asusun fansho na SSNIT ba, ƙarfinta ya ƙare a 62, ina za ta sa kanta a shekarun da ke tsakani? Tallafin kuɗi na gwamnati mai suna LEAP da aka fara a 2008 yana taɓa matalautan tsofaffi masu 65 zuwa sama, madalla, amma wanda ya san kuɗin famfas na manya a kanti ya san ba inda zai kai. Kuma duk cikin waɗannan ba wanda ya ambaci mai jinyar, katin inshora na Baba ne, ba ya biyan mai zuwa gida ta duba shi, ba ya biyan tasin da za a kwanta da shi a baya, ba ya mayar wa Gwaggo cinikin kokonta na shekara 4, ita ma fa tsufan ne ke tafe kuma ba ta ajiye komai ba.

Ga masu binciken ma ina da magana, cikin ladabi. A jami'a ana auna malami da yawan takardun da ya buga da yawan waɗanda suka ambace shi, ba laifi, amma mutanen da aka yi binciken a kansu da Turanci mai tsauri aka rubuta labarinsu a mujallun da sai ka biya dala kafin ka buɗe. Ni dai ban taɓa jin an zo masallacin unguwarmu bayan Juma'a ko an shiga rediyo da Hausa an ce ga abun da muka gano ba. Abun da ya burge ni da Farfesa Apt kenan, ba ta tsaya a takarda ba ta kafa ƙungiya. Akwai cibiyar nazarin tsufa a Legon, akwai jami'ar KNUST nan Kumasi kusa da mu, dan Allah ku turo ɗalibanku Aboabo da Asawase da Sawaba su ƙirga mana mata nawa suka bar sana'a saboda jinya, a fassara mana sakamakon, mu samu abun riƙewa a hannu in 'yan siyasa sun zo neman ƙuri'a.

Mu kuma akwai abun da ba sai mun jira majalisa ba. Nas-nas na unguwa suna zagaye saboda awon jarirai, me zai hana sarakunan Zango da limamai su nemi a ƙara musu da duba tsofaffin da ke kwance, a koya wa masu jinya yadda ake ɗaga mutum ba tare da an karya baya ba? Asusun raya Zango da aka yi wa doka a 2017 ya kamata ya san gidan da tsoho ke kwance ba bayan gida. Kwamitin masallaci ya ware wani kaso na zakka ga masu jinya, ƙungiyoyin matanmu da ke adashen biki su buɗe na jinya, samarin da ke zaman bes su yi jadawalin wankan tsofaffi maza, saboda ɗiya ta daina yi wa ubanta abun da su biyun duk ke jin nauyinsa.

A gidanmu dai mun zauna bayan ƙaramar sallah, an yi surutu an ɓata rai, a ƙarshe muka tsayar cewa kuɗin Gwaggo daban na maganin Baba daban, kuma duk Asabar da Lahadi namiji ɗaya cikinmu zai kwana a ɗakin. Asabar ta farko ni ne. Da na ce Gwaggo je ki kwanta, sai ta tsaya bakin ƙofa da filo a hannu ta ce "ɗana, ƙarfe biyu ka juya shi hagu, kar ka ja hannun daman", ta tafi, ƙarfe biyu saura na ji motsinta a bayan labule ta zo duba ko na tashi.