Idan ruwa ya shiga silinda, tashin mota ba shaidar lafiyar inji ba ne

'Yan uwa masu mota da direbobi, duk lokacin da aka yi ruwa mai ƙarfi har tituna suka cika, abu ɗaya nake gani yana maimaita kansa. Mota ta kutsa cikin ruwa ta mutu a tsakiya, direba ya murɗa makulli sau biyu ko uku, in ta ƙi sai a taru a tura ta, a saka giya don ta tashi ko ta halin ƙaƙa. Daga nan a kai ta gareji, a kwance fulogi, a fitar da ruwan, a canza baƙin mai, inji ya tashi, kowa ya yi hamdala a watse. Ra'ayina, wanda sai da na yi asarar inji guda kafin in kai gare shi, shi ne cewa a daidai wurin da ake watsewa ɗin nan ne ya kamata bincike ya fara, domin injin da ya sha ruwa yana iya tashi lafiya lau alhali ciwonsa yana ɓoye a ciki.

Aikin fistin, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin ramin inji da ake kira silinda, shi ne ya matse iska da mai a wani ɗan sarari a saman silinda kafin wuta ta kama. Iska tana matsuwa, ruwa kuwa ba ya matsuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. A ɗauki injin fetur mai lita 2 da silinda huɗu, inda kowace silinda ke ɗaukar cc 500. Idan matsinsa 10 ne bisa 1, wato yana matse iska ta koma kashi ɗaya cikin goma na girmanta, sararin da ke saura bayan fistin ya kai ƙarshen hawansa cc 55 ne da ɗan kaɗan, wato bai cika babban cokali huɗu ba. A injin dizal mai irin wannan girma, wanda matsinsa ke kai 18 bisa 1, sararin kusan cc 30 ne kawai, shi ya sa dizal ya fi saurin cutuwa. Da zarar ruwan da ya shiga ya wuce wannan awo, fistin zai tarar da shi kamar bango, amma karanshaf, ƙarfen da fistin ke juyawa, bai san da zancen ba, nauyin filawil, faifan ƙarfen da ke maƙale a ƙarshensa, da ƙarfin sauran silinda suna ci gaba da tura shi. Dole wani abu ya saki, kuma mafi yawan lokuta abin da ke saki shi ne konrod, sandar ƙarfen da ta haɗa fistin da karanshaf. Wani lokaci ta karye nan take, wani lokaci kuma ta ɗan lanƙwashe kawai, kuma wannan na biyun shi ne ya fi damuna.

Haka ta faru da ni. Motata ta mutu a cikin ruwan da ya kai rabin taya, na murɗa makulli na ji kik ya yi ƙas sau ɗaya ya tsaya, na ɗauka batir ne ya yi sanyi na sake murɗawa. A gareji bakanike ya cire fulogi huɗu, ya buga kik, na ga ruwa ya yi tsartuwa daga rami na biyu har ya jiƙa cikin bonet. Ya mayar da komai, mota ta tashi, ya goge hannu ya ce, "Maigida, ka auna arziki, ba abin da ya same ta." Na lura tana ɗan rawa idan tana tsaye a silo, na faɗa masa, ya ce sauran danshi ne, zai bushe. Bayan mako uku ina kan babbar hanya sai na ji ƙara kamar an maka guduma a ƙarƙashin mota, baƙin mai ya malale a titi. Da aka duba, konrod ɗin silinda ta biyu ce ta karye ta fasa gefen bulok, wato gangar jikin inji, ramin ya isa mutum ya zura yatsu uku. Gyaran da zai tsaya a kan sanda ɗaya da gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin bulok da kan silinda, ya koma sayen wani inji gaba ɗaya. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba, amma ya tsaya a inda ido da kunne suka gaya masa, bai auna komai ba.

Matakan farko sanannu ne. Kada a sake taɓa makulli, kada a tura, a cire kan batir a jawo motar. Injin da ya mutu yana silo sau da yawa yakan tsira, domin ƙarfin juyawarsa kaɗan ne, sai kik ko turi su zo su ƙarasa abin da ruwa bai yi ba. A buɗe gidan matatar iska, in an same ta a jiƙe ko da ruwa kwance a ƙasan akwatin, to a ɗauka ruwa ya isa ciki. A zaro sandar awon baƙin mai a ga ko ya ƙaru ko ya yi fari-fari da kauri. A cire fulogi duka, ko hita da nozul idan dizal ne, a cire fiyus ɗin famfon mai, sannan a sa sifana a kan notin fulin karanshaf a juya inji da hannu a hankali. Hannu yana jin abin da kik ba ya ji. Idan ya zagaya sau biyu sumul, sai a buga kik a fitar da ruwan. Idan kuwa ya cije a wuri ɗaya alhali babu fulogi, to ƙarfe ne ke taɓa ƙarfe, kuma babu sauran magana sai buɗe inji.

Inda nake so a tsaya a yi haƙuri shi ne bayan wannan. Konrod ɗin da ta lanƙwashe ta gajarta, fistin ɗinta ba zai ƙara kaiwa inda 'yan uwansa suke kaiwa ba. A injin da na ba da misali, idan faɗin silinda milimita 86 ne, gajartar milimita 1 tak tana ƙara kusan cc 6 a kan waɗancan cc 55, wato fiye da kashi ɗaya cikin goma, kuma matsin ya sauko daga 10 zuwa 9 da ɗan kaɗan. Silindar za ta ci gaba da kama wuta, sai dai da rauni, kuma wannan raunin ne rawar da na ji a silo aka ce mini danshi ne. A halin nan sandar tana ɗaukar duka a karkace sau dubbai a kowane minti, fistin yana gugar bango ta gefe ɗaya, metal, wato shimfiɗar ƙarfen da ke tsakanin konrod da karanshaf, yana cinyewa ta gefe ɗaya, har ranar da ƙarfen zai gaji.

Gano wannan ba ya buƙatar wani babban kayan aiki. A sa gejin matsi a kowace silinda a rubuta lambar, in ɗaya ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, akwai tambaya. Sai a bi da gwajin zubar iska, inda ake hura iska cikin silinda fistin yana sama a ga nawa ke tserewa. Nan ne hujjar take. Idan ringin fistin ko bawul, wato murfin ƙofar shiga da fitar iska, ko gasket ne suka lalace, iska za ta tsere, a ji ta a salansa ko a bakin zuba baƙin mai ko a ga kumfa a lagireto. Idan kuwa matsi ya yi ƙasa amma iska ba ta tserewa, silindar a rufe take ruf, abin da ya rage shi ne fistin ba ya kaiwa sama, kuma wannan konrod ce. Wanda ba shi da wannan na'ura yana iya zura siririn ƙarfe miƙaƙƙe ta ramin fulogi, ya juya inji da hannu har fistin ya kai ƙololuwa, ya yi alama, ya yi haka a sauran silinda ya kwatanta. A injin da ramin fuloginsa yake tsaye a tsakiya, bambancin milimita ɗaya ko biyu yana fitowa fili. Ƙaramar kyamara mai waya da ake zurawa ta ramin tana nuna tsatsa da zane a bango, kuma tsatsa ba ta jira, kwana kaɗan ya ishe ta idan aka bar ruwa a ciki. Na'urar kwamfuta ma tana taimakawa, domin lamba kamar P0302 tana nuna silinda ta biyu ce ke kuskuren kama wuta, sai dai ba za ta faɗi dalili ba.

Ba kullum ruwan titi ne ke shiga silinda ba. Akwai motar da ba ta taɓa shiga ambaliya ba, amma da safe kik ya cije ɗan lokaci sannan ta tashi da farin hayaƙi mai yawa. Wannan ruwan lagireto ne ke tsiyaya cikin silinda da daddare ta gasket da ya ƙone ko kan silinda da ya tsage. Alamarsa ita ce ruwa yana raguwa ba a ganin inda yake zuba, kuma idan aka leƙa za a ga saman fistin ɗaya ya yi fes kamar an wanke shi, saboda tururi ya kankare shi, sauran kuwa baƙi ƙirin da dattin hayaƙi. Kowace safiya da aka tilasta wa irin wannan inji tashi, ana gwada ƙarfin konrod ɗinsa ne.

Na san za a ce mai mota ba ya son jira, yana tsaye a kan bakanike yana duba agogo, kuma ba kowane gareji ke da geji ba. Gaskiya ne, kuma mu masu mota muna da namu laifin, domin mun fi son a ce mana an gama. Amma fulogin an riga an cire su, inji a buɗe yake, gwajin matsi da awon hawan fistin ba za su ɗauki awa ɗaya ba. Abin da nake roƙon bakanike shi ne ya rubuta wa mai mota lambobin silinda huɗun a takarda kafin ya ba shi makulli, mai mota kuma ya tambaye su da bakinsa. In lambobin sun yi daidai, a canza baƙin mai da filta, a yi ɗan tafiya kaɗan a sake canzawa har sai ya fito tsab, a sa sabuwar matatar iska, a busar da bututun iska da na'urar awon iskar da ke jikinsa. A kuma duba man giya da na aksul, domin su ma suna da ƙananan kafofin shan iska, kuma ruwan da ya kai bakin inji galibi ya riga ya wuce tsayinsu.