Jirgi marar matuƙi yana gani, amma wa ke fassara abin da ya gani?

Cikin shekara goma da suka wuce, babu makamin da gwamnatocin yankinmu suka ɗora wa buri kamar jirgi marar matuƙi. Najeriya ta fara da na China, irin su CH-3 da Wing Loong, ta kuma gwada ƙera nata na leƙen asiri: Gulma a 2013, sai Tsaigumi da aka ƙaddamar a Kaduna a 2018. Daga baya Bayraktar TB2 na Turkiyya ya shigo, ya zama abin yayi daga Abuja zuwa Yamai, Bamako da Wagadugu. Dalilin a fili yake. Jirgin zai iya shafe yini da kwana yana shawagi, kuɗinsa bai kai na jirgin yaƙi ba, kuma idan ya faɗi babu matuƙin da za a yi wa jana'iza. Sojan da ke cikin ayari tsakanin Maiduguri da Damboa, wanda bai san inda aka binne nakiya ko inda aka yi masa kwanton ɓauna ba, yana da haƙƙin a sa masa ido daga sama. Duk wanda ya ce a jingine waɗannan jirage bai yi wa wannan soja adalci ba.

Damuwata a wani wuri take. Mun sayi abin kallo, amma ba mu gina abin da ke mayar da kallo ya zama sani ba, kuma talakan ƙauye ne ke biyan kuɗin wannan giɓi da ransa.

Yana da kyau a fahimci abin da mai sarrafa jirgin ke gani a zahiri. Yana zaune ne a ɗaki ko cikin kwantena, gabansa allo, jirgin kuma yana can nisan kilomita huɗu ko biyar a sama. Da rana kyamara na ba shi hoto mai launi, idan hazon hunturu ko gajimaren damina bai rufe ƙasa ba. Da dare kuwa sai na'urar da ke gano ɗumin jiki: mutum ya zama farin tabo mai motsi, injin babur da ya yi zafi ya zama tabo mafi haske. Ba ya jin sauti. Bai san ko ana rera bege ne, ko ana karatu, ko ana raba harsasai ba. Idan ya matso da hoton don ya duba abin da ke hannun mutum ɗaya, sauran filin ya ɓace masa. Idan ya ja baya don ya ga filin duka, sanda da bindiga sun zama abu guda. Saboda haka da alamu ake aiki: taron maza, babura da yawa, fitar dare, wurin da aka taɓa ganin 'yan bindiga.

To, a duba waɗannan alamu da idon wanda ya san karkararmu. Babur shi ne motar kowa, daga mai kai mara lafiya asibiti har mai kai amarya. Maza da mata ba sa cakuɗuwa a ɗaurin aure ko zaman makoki. Makiyayi ba ya rabuwa da sandarsa, sau da yawa a gicciye a kafaɗa. Mauludi da wa'azi da musabaƙa da dare ake yin su. 'Yan sa-kai da ke bin sawun shanun da aka kora suna tafiya a ayari ne, da bindigogin toka, daidai yadda ɓarayin da suke bi ke tafiya. Wato rayuwar yau da kullum ta ƙauyen Zamfara ko Tillaberi ta cika kusan dukkan sharuɗɗan da allo ke kira abin zargi.

Abin da ya faru a Bounti, a tsakiyar Mali, ranar 3 ga Janairun 2021 ya isa darasi. Sojin Faransa sun ce jirginsu marar matuƙi na Reaper ya daɗe yana bin wani gungun maza kafin jiragen yaƙi su saki bama-bamai, kuma hujjarsu ita ce ba su ga mata ba, ba su ga yara ba, ba su ga alamar biki ba. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya da suka je wurin suka yi hira da mutane sun gano cewa ɗaurin aure ne, mai ɗauke da mutum wajen ɗari, 'yan kaɗan daga cikinsu ne ke da makami, kuma fararen hula 19 ne suka mutu. Faransa ta ƙi amincewa da rahoton. Amma duk wanda ya taɓa halartar ɗaurin aure a rugar Fulani ko a ƙauyen Hausawa ya san inda mata suke a wannan sa'a: suna cikin gida. Rashinsu a filin ba hujjar komai ba ne. Jami'in da ke kallon allon ya auna taron da ma'aunin bikin ƙasarsu.

Kada a ce wannan matsalar baƙo ce kawai. Ranar 3 ga Disamban 2023 da dare, jirgi marar matuƙi na sojin ƙasan Najeriya ya kai hari kan masu Mauludi a Tudun Biri. Hukumar NEMA ta ce an binne mutum 85. Ƙungiyar Amnesty ta ce adadin ya haura 120. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa bam na biyu ya sauka ne a kan mutanen da suka taru suna kwasar gawarwaki da masu rauni. Wannan bam na biyun ne ya fi ci mini rai, domin jirgin yana sama, kyamararsa a buɗe, kuma an samu tazara tsakanin harin farko da na biyu da za a iya tsayawa a yi tambaya. Tudun Biri ba a tsakiyar Sambisa take ba. Tana ƙaramar hukumar Igabi ne, wadda a cikinta barikin Jaji da filin jirgin saman Kaduna suke. Akwai mai unguwa, akwai dagaci, akwai malamin da ya shirya taron, akwai waya a aljihun kusan kowa. Labarin da zai hana wannan musiba yana nan a ƙasa, a bakin mutane da yawa. Abin da babu shi ne hanyar da zai bi ya isa ɗakin da ake kallon allo kafin a danna.

Haka Rann, a Janairun 2017, inda jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira, mutum sama da 100 suka rasu, har da ma'aikatan agaji. Binciken soja ya ce ba a sanya sansanin a taswirar da ake aiki da ita ba. Dubban mutane na zaune a wuri, ƙungiyoyin agaji na kai musu abinci, amma takardar da ke gaban masu ba da umarni ba ta san da su ba. Daga baya an ji irin wannan a Doma ta Nasarawa, a Silame ta Sakkwato, da Tungar Kara ta Zamfara, inda 'yan sa-kai ne suka mutu. A Burkina Faso da Mali, ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara shaidu kan hare-hare uku na jirage marasa matuƙa na sojin Burkina Faso a 2023, biyu a kasuwa ɗaya a wurin jana'iza, da suka kashe aƙalla fararen hula 60.

Mukan ce gani ya kori ji. A wannan yaƙi kam, ganin da babu ji a tare da shi shi ne ke kashe mu.

Akwai wata fuskar da ba a cika magana a kanta ba: jirgin da ke ganin mai Mauludi yana yawan kasa ganin wanda ake nema. Amurka ta fara tashin jiragenta daga Yamai tun 2013, Faransa ta bi bayanta, sannan aka kashe kimanin dala miliyan 110 wajen gina sansanin Amurka na 201 a Agadas, wanda ya fara aiki a 2019. A ƙarshen wannan shekarar ce, ranar 10 ga Disamba, mayaƙa suka afka wa barikin Inates suka kashe sojan Nijar 71. Wata guda bayan nan, a Chinagodrar, aka kashe 89. Tara mayaƙa masu yawa haka da baburansu da mansu da abincinsu ba ya yiwuwa ba tare da wani makiyayi ko ɗan kasuwa ya lura ba. Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok a 2014, Amurka ta tura sojoji 80 zuwa Chadi don su tafiyar da jirgin leƙen asiri, amma an kwashe shekaru kafin wasu su dawo, yawancinsu ta hanyar tattaunawa. A Maris na 2024 aka kora ɗaliban Kuriga a ƙafa cikin daji da safiyar Allah. Jirgi ba ya kallon ko'ina a lokaci guda. Inda aka tura shi yake kallo, kuma mutum ne ke cewa a duba can. Ɓarayin daji ma sun koyi darasi: suna shiga ƙarƙashin itatuwan Rugu da Kamuku da Sububu, suna rarrabuwa, suna ajiye waɗanda suka sato a kusa da su. Ƙungiyoyin 'yan ta'adda na ISWAP da JNIM kuwa yanzu suna da nasu ƙananan jirage na kasuwa da suke leƙen barikoki da su.

Wannan ne ya sa nake ganin toshe layukan waya da aka yi a Zamfara a Satumban 2021, da wasu sassan Katsina, Sakkwato da Kaduna, ya saɓa wa hankalin yaƙin da ake yi. An yi ne don a katse ɓarayi da infomominsu, kuma wannan manufa ce mai kyau. Sai dai wayar da infoma ke kira da ita, ita ce manomi ke kiran DPO da ita idan ya ga ayarin babura.

Na san amsar da jami'an tsaro ke bayarwa, kuma tana da nauyi. Suna cewa 'yan ta'adda na sajewa da jama'a, cewa idan aka tsaya tambaya abokin gaba zai sulale, cewa a cikin masu riƙe da sarauta ma an sha kama masu kai wa ɓarayi rahoto. Duk gaskiya ne. Amma idan ɗan bindiga biyar suka shiga taron mutum ɗari, dokar yaƙi da shari'ar Musulunci da lafiyayyen hankali duk sun haɗu a kan cewa ba a hallaka ɗarin don a samu biyar. Fifikon jirgi marar matuƙi a kan jirgin yaƙi shi ne haƙuri: yana iya jira, ya bi mutum har ya rabu da jama'a. Wanda ya yi gaggawa da shi ya zubar da amfaninsa. Kuma ko ta fuskar dabarar yaƙi aka auna, ƙauyen da aka jefa wa bam ba zai sake kiran soja ya ba shi labari ba, ga shi an miƙa wa masu wa'azin ta'addanci hujjar da za su ja matasa da ita. Batun infoma kuwa, maganinsa a tabbatar da labari daga majiya biyu ko uku, ba a daina sauraron mutane gaba ɗaya ba.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar kwangila ta biliyoyi. A ɗakin da ake kallon allo ya kamata a samu wanda ya tashi a yankin, wanda ya san ranar kasuwar kowane gari da watan da ake Mauludi da hanyar da makiyaya ke bi idan kaka ta yi, kuma a ba shi ikon cewa a dakata. Ya kamata kowace rundunar shiyya ta sami lambar da hakimai da limamai za su sanar da babban taro tun kafin ranarsa. Wanda ke kallo daban, wanda ke ba da izinin harbi daban, kuma hari na biyu a wuri ɗaya ya zama sai da izini daga sama.

Amma duk wannan zai zama magana ce kawai idan babu hisabi, kuma a nan ne jirgi marar matuƙi ya bambanta da kowane makami. Shi ne makamin da ke naɗar shaidar abin da ya aikata. Kowane daƙiƙa na shawagi, kowane matso da hoto, lokacin da aka saki bam da abin da ya biyo baya, duk suna cikin na'ura. Lokacin da Amurka ta bi motar wani ma'aikacin agaji a Kabul na tsawon awa takwas a Agustan 2021, ta ɗauki jarkokin ruwa a matsayin bama-bamai, ta kashe mutum 10 har da yara 7, da farko ta ce harin daidai ne. Binciken 'yan jarida ne ya tilasta mata amsa laifi, daga baya kuma aka saki bidiyon bayan jaridar New York Times ta kai ƙara. Ba a hukunta kowa ba, wannan abin kunya ne, amma aƙalla duniya ta ga yadda kuskuren ya faru.

A Tudun Biri, marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojin ƙasa na lokacin, ya je da kansa ya ba da haƙuri, kuma ya cancanci a yaba masa, domin ba a saba ganin haka ba. A Mayun 2024 hedikwatar tsaro ta ce bai kamata a kai harin ba, kuma jami'ai biyu za su fuskanci kotun soja, sai dai ba ta fitar da cikakken rahoton ga jama'a ba. Jami'ai biyu ba su ne tsarin ba. Wa ya kawo bayanin farko? Minti nawa aka yi ana kallo? Wa aka kira, wa ba a kira ba? Me aka gani a allo tsakanin bam na farko da na biyu? Idan ana tsoron tona asirin aikin soja, ba dole ne a sa bidiyon a talabijin ba. Akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, akwai kwamitocin tsaro na majalisun tarayya da ke iya zama a sirrance, akwai alƙalai. Sanatoci da 'yan majalisar da suka fito daga Kaduna da Zamfara da Sakkwato da Borno su ne ke sa hannu a kasafin kuɗin da ake sayen waɗannan jirage da shi kowace shekara. Idan hafsoshi suka zo kare kasafi na gaba, su nemi a kawo musu bidiyon Tudun Biri da cikakken rahotonsa, su kalla, su karanta, kafin su amince da ko jirgi ɗaya.