Shirin farautar fezan a Amurka da farautarmu ta gida

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san yadda ake fita farauta da rani, in ya zo nan Minisota ya ga Bature na shirin tafiya harbin tsuntsu dole dariya ta kama shi. Tun watan Agusta ake fara lissafin kaya, ga kai kare asibiti, ga sayen lasisi, duk a kan fezan, tsuntsun da bai fi zabo nauyi ba sai dai namijin yana da doguwar wutsiya da farin zobe a wuya. Kuma ba ma ɗan ƙasa ba ne, daga Chaina aka kawo shi, an fara sakinsa a Oregon a farkon shekarun 1880, ya iso Dakota ta Kudu a 1908, yanzu shi ne tsuntsun jihar, har gunkinsa suka kafa a garin Huron. Ranar Asabar ta uku a watan Oktoba ake buɗe farautar a can, kuma abokin aikina da zan bi bana yana da ƴar karya Labrador da bata cika shekara ba, a kanta duk shirin yake tafiya.

Maganar kaya dai inaga rabinsa kasuwanci ne kawai. Ka shiga shagon kayan farauta zaka ga abin wuyan kare mai GPS wanda kuɗinsa zai sayi babur a gida, da wando na musamman, da kujerar zama, abubuwan da maharbin garinmu da gorarsa da barandami da bindigar toka bai taɓa jin labarinsu ba kuma yana dawowa da nama. Amma akwai waɗanda ban raina ba. Riga da hula masu kalar lemo mai haske, a Minisota doka ce ka sa aƙalla ɗaya daga cikinsu, sabida mutane na tafiya a jere cikin ciyawa mai kai ƙirji kowa da bindiga a hannu. Harsashin ƙarfe maimakon na dalma, shi ake buƙata a yawancin filayen gwamnati a Dakota ta Kudu. Sai kayan karen kansa, rigar ƙirji saboda waya mai ƙaya da manoma ke zagaye gona da ita, takalma saboda wata ƙaya da wallahi karangiya ce sak, danginsu ma ɗaya, da ɗan hantsaki na cire ƙayar beguwa daga baki, da katin allurar haukan kare, da jarkokin ruwa. Ruwan nan ba wasa bane, a 2003 an buɗe farauta cikin zafi karnuka da yawa suka mutu a Dakota ta Kudu, kuma ruwan kududdufi wani lokacin yana da gansakuka mai guba, shi yasa daga gida ake ɗauko nasa.

Inda suka burge ni shine haƙurin da ake yi da ƙaramin kare. Babban abin tsoronsu kada kare ya firgita da ƙarar bindiga, don in ya firgita sau ɗaya gyaransa sai an sha wuya, wani ma shikenan ya tashi daga aiki. Na ga yadda mutumin nan yayi da tashi. Ya fara da buga kwano a nesa tana cin abinci. Daga baya ya sayo tattabaru, yana ɓoye su cikin ciyawa tana nemowa da hanci, sai da ta haukace da son tsuntsu tukuna aka kawo wata ƴar bindiga mara harsashi, ni aka ba, yace in tsaya can ƙarshen fili kada in harba sai na ga tattabara ta tashi tana binta a guje. Haka muka dinga matsowa kaɗan kaɗan har ya zama in taji ƙara sai ta ɗaga kai tana neman abin da zai faɗo. Kuma duk da haka yace ranar farko ba zai haɗa ta da taron mutane ba, mu biyu ne kawai, ni zan riƙe bindiga shi ya riƙe usur, awa ɗaya a mayar da ita mota ko an samu ko ba a samu ba. Nace masa yanzu tafiyar wajen awa biyar zamu yi don awa ɗaya, yace shekarar nan ai tata ce ba tamu ba.

A gida kwikwiyo cikin garke ake jefa shi, ya bi manya, ga ganga ga ihu ga kirari, wanda ya iya ya iya, wanda ya tsorata a ce ba shi da zuciya a bar shi da tsaron gida ko a sha shi da gora. Ban ce hanyar bata aiki ba, in dai bin zomo ne ko tono gafiya karnukanmu ba su da na biyu, kuma a kan kunun dusa da ragowar tuwo suke wannan gudun. Amma karnuka nawa muka ɓata da gaggawa muka ɗora musu laifi? Abin da ya fi ba ni haushi, tarbiyyar karen farauta a littattafanmu take. Aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta yi maganar abin da dabbobin farauta masu horo suka kamo, malaman fiƙihu kuma suka ce mai horo shine wanda in ka tura shi zai tafi in ka tsawatar zai tsaya, wasu suka ƙara da cewa kada ya ci abin da ya kama. To abin da Baturen nan ke koya wa karyarsa kenan, ta tsaya in an busa usur, ta kawo tsuntsu hannu ba tare da ta huda shi da haƙori ba, kuma bai taɓa zama gaban malami ba.

Sai maganar doka a Dakota ta Kudu. Maza uku kacal a rana, mace ko kusa ba a harbinta, in ta tashi zaka ji ana ihu ana gargaɗin juna. Ba a fara harbi sai ƙarfe goma na safe. In ka fige tsuntsu dole ka bar kai ko fiffike ko ƙafa a jiki don jami'i ya gane namiji ne in ya tare ka a hanya. Tun 1937 akwai haraji a kan bindiga da harsashi da ake mayarwa wajen kula da namun daji, daga 1985 kuma gwamnati ke biyan manomi ya bar wani ɓangaren gonarsa ciyawa, nan tsuntsun ke ƙwai. Mu kuwa a cinna wa daji wuta, a kashe mai ciki da mai ƙwai, a dawo ana rigima da sare-sare kan zomo ɗaya, sannan a zauna ana cewa da can akwai fakara da barewa a bayan gari.

Nasan wani zai ce ina zaune a ƙasar ƙoshi ina zagin mayunwata, Bature don nishaɗi yake yi namu don miya. Gaskiya ne, kuma dajin ma yanzu a wurare da yawa ba ya shiguwa saboda ƴan bindiga, maharban da suka rage su ake roƙo su raka jami'an tsaro don sun fi kowa sanin hanya. A sanin daji ba a haɗa su, ka karɓe wa wasu a nan waya ba za su gane inda suka ajiye mota ba. Amma barin mace mai ƙwai baya buƙatar dala ko ɗaya, kuma Sarkin Baka in ya hana abu ana ji fiye da takardar gwamnati.

Ni dai nawa kayan ba su da yawa, takalmi mai kyau, hular lemo, lasisin baƙo na kwana goma da ake rabawa biyar biyar, da wuƙa mai kaifi a aljihu, don in karyar ta kawo shi da sauran rai sai na yanka. Na riga na faɗa wa abokin nawa kada ya murɗe wuyan ko ɗaya kamar yadda suka saba, ya miƙo min kawai.