Tafiyar minti 11 ba ta mayar da mu masu binciken sararin samaniya ba

Tun da hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta sanar a watan Yunin 2024 cewa ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar SERA mai zaman kanta ta harkar sararin samaniya domin tura ɗan Najeriya sararin samaniya a kumbon New Shepard na kamfanin Blue Origin mallakar attajiri Jeff Bezos, ake ta kururuta maganar kamar mun shiga sahun ƙasashen da ke binciken duniyoyi. Wannan murnar ce ke ba ni haushi. Kumbon nan ko kewaya duniya ba ya yi: yana ɗan haura kilomita 100, fasinjoji su yi shawagi na 'yan mintoci, su sauko, duka tafiyar kimanin minti 11. Irinta mawaƙiya Katy Perry ta yi a Afrilun 2025, kuma ban ji wanda ya kira ta masaniyar kimiyya ba.

A cikin wannan watan na Yunin 2024 da muke tafin murna, kumbon Chang'e-6 na China ya dawo da kusan kilo 2 na ƙasa da duwatsu daga bayan wata, abin da ba a taɓa yi ba. Kafin nan, ranar 23 ga Agustan 2023, Indiya ta sauke kumbonta Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata a kan kuɗin da aka ƙiyasta dala miliyan 75. Masu son kwatanta mu da Indiya suna manta inda ta faro. A 1975 da tauraron ɗan adam da ta aro daga Amurka take aika shirye-shiryen noma da lafiya zuwa ƙauyuka kusan 2,400, kuma hasashen yanayi na taurarinta na cikin dalilan da guguwar Phailin ta 2013 ba ta kashe mutum 100 ba, alhali ta 1999 a Odisha ta halaka kusan 10,000.

Masu cewa ƙasar da ke fama da yunwa ba ta da hurumin duban sama, su je su tambayi manomin Zaki ko Gamawa da ambaliya ta cinye wa shinkafa ba tare da gargaɗi ba.

Abin takaici, muna da harsashi. An harba tauraronmu na ɗaukar hoto NigeriaSat-1 a 2003, har ya ɗauko hotunan ɓarnar guguwar Katrina a 2005. NigeriaSat-2 na 2011 shekara 7 aka yanke masa, tuni wa'adinsa ya cika. Nan gida Toro akwai cibiyar NASRDA mai nazarin motsin doron ƙasa, amma mutanen Bauchi nawa ne suka san da zamanta, balle su ga aikinta a kan kwazazzaban da ke cin unguwannin Gombe kowace damina?

A sabunta taurarin ɗaukar hoto, a wadata cibiyar Toro, a buɗe bayanan ga ɗaliban jami'o'inmu na Bauchi da Gombe da Kashere. Wanda ke sha'awar kujera a kumbon Jeff Bezos kuwa, Allah ya kai shi lafiya, amma kada a rubuta mana ita a jerin nasarorin ƙasa.