Jiragen Sarkin Mali sun tashi, amma wa ya ga isowarsu?

Duk shekara idan watan Oktoba ya kama, lokacin da ake tunawa da saukar Kolombus a tsibiran Bahamas a 1492, sai hoton wani ƙaton kan dutse mai faɗin hanci da kaurin leɓɓa ya dawo yawo a WhatsApp da Facebook, a ƙarƙashinsa an rubuta cewa Sarkin Mali Abubakar na Biyu ya riga Turawa isa Amurka da shekara kusan 180, kuma wannan kan dutsen shi ne shaida. An turo mini shi ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma masu turowar mutanen kirki ne waɗanda haushin yadda aka danne tarihin baƙar fata ke damun su. Ni ma haushin yana damuna. Sai dai ina ganin labarin, a yadda ake yaɗa shi, yana cutar da mu fiye da yadda yake ɗaukaka mu, kuma yana zaluntar wasu mutanen da ba su yi mana laifin komai ba.

Cewa Kolombus bai gano Amurka ba, wannan ba abin musu ba ne, domin ba a gano gidan da masu shi ke ciki. Ya tarar da miliyoyin mutane da gonakinsu da sarakunansu, kuma birnin Tenochtitlan na mutanen Aztek a Meziko ta yau, wanda tarihinsu ya ce an kafa shi a 1325, shekara guda bayan Mansa Musa ya ratsa Alƙahira zuwa Makka, ya fi yawancin biranen Turai na zamanin cikar jama'a. Kakannin waɗannan mutane daga Asiya suka fito. A zamanin ƙanƙara, ruwa mai yawa ya daskare a doron ƙasa har teku ya ja baya da zurfin kimanin mita 120, sai mashigin Bering, wanda a yau ruwa ne mai faɗin kilomita 85 tsakanin Siberiya da Alaska, ya zama fili mai ciyawa da namun daji. Ta wannan yanki mutane suka shiga, wasu a ƙasa, wasu mai yiwuwa a kwale-kwale suna bin gaɓa, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya tabbatar da dangantakarsu da mutanen arewa maso gabashin Asiya.

Ina so a lura da yadda ilimin wannan fanni yake sauyawa, saboda masu cewa masana sun haɗa baki sun ɓoye gaskiya. Shekaru da dama masanan Amurka sun kafe a kan cewa mutanen farko su ne masu kan mashin dutse da aka tono kusa da garin Clovis a jihar New Mexico, masu shekara kimanin 13,000. Da masanin kayan tarihi Tom Dillehay ya fara tono a Monte Verde ta ƙasar Chile a 1977, ya ce ya sami mazaunin mutane mai shekara kimanin 14,500, sai aka yi masa ca. Bai bar wurin ba, ya ci gaba da fito da turakun bukkoki da ragowar abinci da igiya mai ƙulli, har a 1997 manyan masu jayayya da shi suka je suka gani da idonsu, suka sallama. A 2021 kuma aka wallafa binciken sawun ƙafafun mutane a White Sands ta jihar New Mexico, wanda gwaji ya ba su shekara 21,000 zuwa 23,000. Masanan nan suna da taurin kai, amma idan aka ɗora musu abu a tafin hannu suna karɓa, gani ya kori ji.

Misalin da ya fi kama da namu shi ne na mutanen arewacin Turai da ake kira Viking. Su ma ruwaya ce kawai gare su tsawon ƙarnuka, tatsuniyoyin Iceland da ke cewa Leif Erikson ya isa wata ƙasa a yamma mai suna Vinland, kuma mutane da yawa sun ɗauke su ƙanzon kurege. A 1960 mai bincike ɗan ƙasar Norway Helge Ingstad ya isa L'Anse aux Meadows a tsibirin Newfoundland na Kanada, shi da matarsa Anne Stine suka shafe shekaru suna tono, suka fito da harsashin gine-gine takwas, da maƙera, da ƙusoshin jirgi na ƙarfe, da allurar ɗaure mayafi ta tagulla, da gululun kaɗin zare. Daga baya aka gwada itatuwan da aka sara da ƙarfe a wurin, aka gane a 1021 aka sare su. 'Yan tsirarun mutane ne, ba su daɗe ba, amma ƙasa ta riƙe sawunsu. Haka ma mutanen tsibiran Polinesiya: dankali ɗan asalin Amurka ta Kudu ne, amma an same shi a tsibiransu ɗaruruwan shekaru kafin Turawa, kuma wani binciken ƙwayoyin halitta na 2020 ya nuna an yi cuɗanya ta jini tsakanin ɓangarorin biyu wajen shekara ta 1200.

To, mu me muke da shi a hannu? Muna da ruwaya guda ɗaya, a littafin Masalik al-Absar na malamin nan al-Umari. Shi bai haɗu da Mansa Musa ba, daga bakin wani hakimin Masar da ya zauna da Sarkin a 1324 labarin ya fito. An tambayi Mansa Musa yadda ya hau sarauta, sai ya ce wanda ya gabace shi bai yarda cewa ba a iya kai wa ƙarshen teku ba, don haka ya shirya jirage 200 cike da mutane da wasu 200 cike da zinariya da ruwa da guzuri, ya tura su. Bayan dogon lokaci jirgi ɗaya ya dawo, shugabansa ya ce sun tarar da wani abu kamar kogi mai ƙarfi a tsakiyar teku, sauran jiragen suka shiga ba su fito ba, shi kuwa ya juyo. Sarkin bai gamsu ba, ya shirya jirage 2,000, ya bar wa Musa riƙon ƙasa, ya tafi da kansa, kuma daga ranar ba a sake ganinsa ba.

Mu da muka tashi a gaban malamai muna jin ana tantance ruwaya, ana tambayar wa ya ji daga wa, bai kamata mu kasa ganin iyakar wannan nassi ba. Ya ba da labarin tashi, bai ba da labarin isa ba. Bai ma ambaci sunan sarkin ba, sunan Abubakar na Biyu ya samo asali ne daga kuskuren da masu fassara na Turai suka yi wajen karanta jerin sarakunan Mali na Ibn Khaldun, kuma masana da yawa suna ganin Mansa Muhammad ɗan Ƙu ne ake nufi. Ban ce tafiyar ba za ta yiwu ba. Tsakanin Senegal da Brazil bai kai kilomita 3,000 ba, igiyar ruwa da iska suna tura jirgi yamma, kuma matafiyi ɗan ƙasar Norway Thor Heyerdahl ya tsallaka daga Safi ta Maroko zuwa Barbados a jirgin ciyawa a 1970 cikin kwana 57. Amma yiwuwar abu daban, aukuwarsa daban. Jirage 2,000 ba za su sauka a wata gaɓa su rasa barin ko da ƙarfe ɗaya, ko tsakiya ɗaya, ko kabari ɗaya ba. Tsibiran Cape Verde ma, da ke kilomita 570 kacal daga Senegal, babu mazauna a cikinsu lokacin da Turawan Fotugal suka same su. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono, waɗanda yau muke ji kamar da su aka halicce mu, duk sai bayan 1492 suka zo mana, kuma gero da dawa ba su je can ba kafin nan. Abin Afirka da ake da hujjar ya tsallaka tun da daɗewa shi ne duma, wanda ake fafe ƙwarya da shi, kuma bincike ya nuna ruwa ne ya kai shi, domin yana iya yin watanni yana yawo a teku 'ya'yansa ba su mutu ba.

Kawunan dutsen kuwa na mutanen Olmek ne, a jihohin Veracruz da Tabasco na Meziko. Guda 17 aka samu, kuma na San Lorenzo an sassaƙa su wajen shekara 3,000 da suka wuce, wato sun girmi daular Mali da fiye da shekara 2,000. Ko Ivan Van Sertima, wanda littafinsa na 1976 ya yaɗa ra'ayin cewa kawunan shaida ne na zuwan 'yan Afirka, da mutanen Nubiya ya danganta su, masu turo saƙo ne suka gauraya labari biyu suka mai da shi ɗaya. Dutsen daga tsaunukan Tuxtla na ƙasarsu aka jawo shi, kuma har yau akwai 'yan asalin yankin masu irin wannan hanci da leɓe.

Nan ne abin yake yi mini ciwo. A 1910 Bajamushe Leo Frobenius ya je Ile-Ife, ya ga kawunan da Yarabawa suka ƙera, kyansu ya ruɗa shi, sai ya ce ai aikin mutanen Atlantis ne, wata ƙasa ta almara da aka ce ta nutse a teku, domin zuciyarsa ba ta yarda baƙar fata zai iya ba. Ganuwar Great Zimbabwe ma an ce Finikiyawa ne ko mutanen Sarauniya Bilkisu suka gina ta, har sai da David Randall-MacIver a 1905 da Gertrude Caton-Thompson a 1929 suka tono suka nuna aikin 'yan ƙasa ne. A Amurka ta Arewa kuma Turawa sun daɗe suna cewa manyan tuddan ƙasa irin na Cahokia wata ɓatacciyar al'umma ce ta tara su, kuma wannan zance ya taimaka wajen halatta korar 'yan asalin ƙasar daga filayensu. Idan muka dubi aikin Olmek muka ce sai da baƙo ya zo daga Afirka ya koya musu, rigar Frobenius muka sa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Hukunci ɗaya ya hau kan maganar da Shugaba Erdogan na Turkiyya ya yi a 2014 cewa Musulmi sun isa Amurka a 1178 kuma Kolombus ya ga masallaci a Kuba, alhali abin da ke cikin littafin tafiyarsa tsauni ne da ya kamanta siffarsa da masallaci.

Wanda ke neman sawunmu a wancan ƙetare ya dubi Bahia ta Brazil, inda Hausawan da aka kai bauta suka shirya tawaye a 1807, suka sake tashi a 1809 da 1814. A Janairun 1835, cikin watan azumi, Musulmi bayi da 'yantattu, yawancinsu Yarabawa tare da Hausawa, sun fito titunan birnin Salvador sanye da fararen riguna. Da aka murƙushe su, 'yan sanda sun kwashe layu da alluna da takardu masu ayoyin Alƙur'ani daga jikin mamata da gidajen waɗanda aka kama, kuma wasu daga cikin takardun suna nan a ajiye a gidan adana tarihi na jihar Bahia har yau.